Inji a Keken Baba

Keken ya girme ta. Baƙi ne, mai doguwar sanda da sirdin fata, kuma a kansa mahaifinta ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu kafin ya yi ritaya. Yanzu gwiwa ta ƙi. Tudun da ke tsakanin gidansa da lambunsa, wanda a da yake haurawa yana fito, sai ya sauka ya tura, yana tsayawa sau uku kamar mai duba taya.

Ita kuwa gyaran fanka da injin wanki take yi a wani ɗan shago bayan kasuwa. Da ta ce za ta sa wa keken ƙaramin inji mai batir, kwana biyu bai tanka ba. A na uku ya amince, amma da sharaɗi: kada a huda ƙarfen, kada keken ya yi nauyi, kuma kada wanda ya kalla ya gane. Ba ya son abokansa su ce ya koma hawan abin ragwaye.

Ta ɗauka aikin Asabar ɗaya ne. Sai da ya ci mata mako biyar.

Injin da ta yi oda, irin wanda ake sakawa a cibiyar ƙafar gaba, ya iso ya ƙi shiga. Bakin ƙarfen keken ya yi masa kaɗan da abin da bai wuce kaurin farce ba. Ta ɗauko magagari. Baba, da ke zaune kan tsohon bokiti a ƙofar shagon tun safe, ya miƙe tsaye.

"Uwata, me za ki yi da wannan?"

"Ɗan gogawa kawai, Baba."

"Na ce kada a taɓa shi."

"Hudawa ka hana."

"To, yanzu na haɗa da gogawa."

Dole ta kai injin wurin mai sassaƙa ƙarfe ya rage masa kauri. Shi kuma ya riƙe shi kwana tara, kullum gobe.

Batirin farko kamar bulo yake. Baba ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya dire, ya ce ai wannan ya zama amalanke. Ta kwance, ta harhaɗa ƙarami da kanta, ta ɓoye shi cikin jakar fatar da ke rataye ƙarƙashin sirdi, inda yake ajiye sufana. Wayar kuma ta bi da ita ta ƙasan sanda, ta naɗe da baƙin salatif. Ya sa tabarau, ko minti ɗaya bai yi ba ya ɗora yatsa a kai. Ta sake warwarewa ta biyo da ita jikin ƙarfen birki, makunnin ta maƙala shi ƙarƙashin ƙararrawa.

Duk wannan lokaci fankokin mutane na jibge a lungu suna shan ƙura. Wata mata ta zo da ɗan dako ta kwashe injin wankinta, ko sallama ba ta yi ba. Ranar ce ita ma haƙurinta ya ƙare. Baba na cikin cewa jakar ta ɗan karkace, ta jefar da filaya a kan tebur ta ce idan bai yarda da hannunta ba, ya ɗauki abinsa ya kai wa wani. Ya gyara hula ya fita, ya bar ta da keken a kife, ƙafafu sama. Ta zauna ta kasa taɓa komai har azahar.

Washegari ya dawo kan bokitinsa kamar ba a yi ba, sai dai ya juya wa aikin baya yana kallon titi. A haka ta ƙarasa.

Ranar gwaji da safe suka fita. Ya hau, ya taka feda sau biyu, ya danna makunnin da babban yatsa. Tana tsaye a gindin tudun ta ga ya haura tiryan-tiryan, bayansa a miƙe, bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Wajen saukowa ne ya manta yatsansa a kan makunnin. Ya zo ya wuce ta fuu, ƙafafunsa biyu na jan ƙasa, har sai da tarin yashin wasu magina ya tare shi. Ta ruga. Bai ji ciwo ba, amma takalminsa na dama ya rabu biyu.

Ya ce birkin nan bai taɓa ba shi kunya ba sai yau. Ta durƙusa ta duba. Robar birkin ta bushe ƙamas kamar dutse, kuma ta san irinta ta daɗe da ɓacewa a kasuwa.

Ta tura keken suka nufi shago, shi yana biye da takalmi a hannu. Can ya tambaye ta yaushe za ta gama, don tumatirinsa na son ruwa.

"Ban sani ba, Baba," ta ce, ta ci gaba da turawa.