Hannun da Ya Daina Rawa

"Dubi nan," in ji Kaka Vidosava. Ta zira zare a allura tashi ɗaya, ta ɗaga wa Zlata ta saman shingen da ya raba gidajensu. "Ke mai karatun jinya, yi in gani."

Zlata ba ta yi dariya ba. Tsohuwar ta daɗe tana yi wa kanta allurar ciwon suga, kuma rawar hannu ce ƙararrawarta. Da yatsu sun fara karkarwa, ƙirji na bugawa, ta san suga ya faɗi, sai ta lashi cokalin slatko, dafaffen ɗan itacen ceri mai zaƙi da ake tarbar baƙo da shi. Sabon maganin hawan jininta ya kwantar da ƙirjin, ya kwantar da hannun. Zlata ta gaya mata irin wannan ƙwaya na canza yadda jiki ke karɓar insulin, maganin da ke cikin allurar, tana kuma toshe bakin ƙararrawar, gumi kaɗai zai rage. Ta ce lallai Litinin su koma wurin likita.

"Na binne miji, na binne ɗa, 'yar nan. Ƙwaya ce za ta ci ni?"

Matan layin suka ce yarinya ta je birni ta kwaso iyayi. Zlata ta share su. Kullum sai ta ƙwanƙwasa ƙofar da abin awon suga, kullum tsohuwar ta kore ta da wasa.

Ranar Lahadi da rana, dawowar Zlata daga kasuwa, Milunka mai kaji ta tare ta tana dariya. Wai ta ga Kaka a ƙarƙashin inabi, gumi sharkaf, tana shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Ta ce mata ta ɗan lasa wani abu, Kaka ta amsa, "Radovan ya zo. Ina kika taɓa ganin an riga baƙo ci?"

Radovan mijinta ne, ciyawa ta daɗe da rufe kabarinsa a bayan coci.

Zlata ta yar da jaka ta tsallake shingen. Ta taɓa wuyan tsohuwar, ta daɗe ba ta ɗauke yatsunta ba. Jijiyar ta daina bugawa. Ba ta yi kuka a gaban Milunka ba. Ita ta rufe idanun, ita ta kunna kyandir ɗin da ake kunna wa mamaci.

A kan tebur akwai kofin ruwa da cokali cike da slatko, an juya mariƙinsa wajen kujerar da ba kowa. Hannayen Kaka na kan cinyarta, shiru, allurar na soke a rigarta da zarenta.