Sai An Fara Daga Tushe

Mai Tabarau mutum ne da ba ya iya barin kowa ya ga abu da idonsa. In ka zauna a kujerar shagonsa ya ɗora maka firam ɗin gwaji a hanci, zai zura gilashi ya ce, "Wannan ya fi, ko wancan?" Kafin ka buɗe baki ya ce, "Wancan ya fi," ya wuce. Yawanci kuwa gaskiyarsa ce, kuma abin da ya ƙara lalata shi ke nan.

'Yarsa ɗaya ce, shekararta goma sha shida, tana zaune wurin uwarta tun da auren ya mutu. Ranar Asabar ake kawo masa ita da hantsi, a zo a ɗauke ta da la'asar. Sunan mahaifiyarsa marigayiya ya sa mata, don haka Mamana yake kiranta. Suna ƙaunar juna, wannan babu tantama, amma in suka zauna a falon da ke saman shagon, hirarsu ba ta wuce "Yaya makaranta?" da "Lafiya lau." Daga nan ita ta koma kan wayarta, shi ya koma goge tabaran da ba su da datti.

Kwatsam sai aka yi wa uwar canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, irin nisan da ba a zuwa Asabar a dawo. Ƙarshen zangon karatu za su tashi. Tsoro ya kama Mai Tabarau, tsoro na gaske. Ya ga yarinyar za ta tafi ba su da wani abu nasu su biyu, sai dai ta riƙa kira tana gaishe shi kamar kawun da ake gaidawa don kada a ce ba a gaishe shi ba. Ya yi tunani mai zurfi irin na manya, ya gano maganin abin, wato wani katun, shirin zane na talabijin.

Ayarin Wata Bakwai ake ce masa. Labarin wani tsohon jirgin sama jannati ne da ke yawo tsakanin taurari, da matashin kyaftin maraya, da wata murya da ke fitowa daga bangon jirgin tana yi masa faɗa in ya kwanta da takalmi. Kusan ƙarshen shirin ne ake gano cewa muryar nan ta mahaifiyar kyaftin ce. Da za ta mutu aka kwashe tunaninta aka zuba a na'urar jirgin, ta yi shekaru tana renon ɗanta bai sani ba. Mai Tabarau yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya ga wannan kashin, zaune a ƙasa a falon maƙwabta, a shekarar da tasa uwar ta rasu. Ya yi kuka har matar gidan ta kashe talabijin. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Abin da yake so shi ne yarinyar ta ga wurin nan, abin ya girgiza ta yadda ya girgiza shi, sannan ya ba ta labarin wadda ta ci sunanta.

Sai dai a shekaru talatin ɗin da suka wuce, kamfanin da ya yi katun ɗin bai zauna haka nan ba. Ya haifi fina-finai na abin da ya faru kafin a haifi kyaftin, da wani shiri na daban kan injiniyan jirgin, da littattafan zane, da wasan kwamfuta, har da ɗan gajeren fim kan karen mai dafa abinci. Mai Tabarau ya haddace su duka, ya san wa ya haifi wa fiye da yadda ya san danginsa.

Maƙwabcinsa Mai Kemis ma yana fama da wannan ciwon, amma tasa ɗariƙar daban ce.

"Ka nuna mata yadda muka gani," in ji Mai Kemis, yana jingine a ƙofar shagon. "Tsohon shirin tukuna. Sauran tarkacen su biyo baya."

"Tarkace? Ta yaya za ta gane dalilin da ya sa mutanen da ke zaune a kan wata na uku ba sa shiri da na kan wata na biyar in ba ta ga yaƙin da suka yi ba? Abu sai an fara daga tushe."

"Mu da muka kalla babu tushen, mutuwa muka yi?"

"Kai ai kallo kake yi, ba fahimta ba," Mai Tabarau ya ce, ya juya ga wata tsohuwa da ke jiransa, ya sanar da ita gilashin da ya fi mata.

Aka fara daga tushe. Yarinyar ta yarda ba musu, har ta kife wayarta a kan kujera, abin da ya kamata ubanta ya gane girmansa. Shi kuwa ya riƙe rimot kamar an ba shi amanar ƙasa. Ba a minti biyar sai hoto ya daskare.

"Kin ga sojan can na baya, mai tabo a haɓa? Riƙe shi a ranki. Jikansa ne zai sayar wa injiniya batir a shiri na uku."

"To, Baba."

"Kin ga tambarin da ke kafaɗarsa?"

"Na gani, Baba. Ko zan iya ganin yana motsi?"

Ya yi dariya, ya ji daɗi 'yarsa tana da barkwanci, ya ci gaba da bayanin tambarin. A fim ɗin farkon nan ne, wajen ƙarshe, aka nuna wata mata a gadon asibiti, ana jona mata wayoyi a kai, wayoyin suna shiga bangon wani sabon jirgi, ga jariri yana kuka a gefe. Mai Tabarau ya tsayar da hoton daidai nan, ya nuna mata cewa likitan da ke tsaye a hagu shi ne kawun mai karen nan. Ya daɗe da sanin sirrin matar har ya manta sirri ne.

Haka Asabar ta riƙa bin Asabar. Suka gama yaƙin mazauna watannin, suka gama ƙuruciyar injiniya, suka kalli karen. Wata rana ya hana ta kallo gaba ɗaya, ya sa ta karanta littafin zane, wai akwai giɓin da sai shi ke cikewa. Da uwar ta zo ɗaukarta ta leƙo falon ta ga abin da ake yi, sai ta ce, "Har yanzu ba ku bar ƙasa ba? Ni ma a wajen karen nan na nemi takardata." Mai Tabarau ya ci gaba da bayaninsa. Ya daɗe da yanke hukuncin cewa matar nan ba ta da zurfi.

Sai da aka fara ɗaure kwalaye a gidan uwar ya farga cewa ko rabin tsohon shirin ba su kai ba. Asabar ɗin ƙarshe ya yi abin da a ɗariƙarsa babban zunubi ne, ya tsallake kashi-kashi har zuwa wanda yake so. Ya rufe shago da wuri, ya ja labule, ya ajiye mata biskit da lemo. Rimot ɗin ma ya cusa shi ƙarƙashin matashin kujera ya zauna a kai, don ya san halinsa.

Jirgin ya lalace, iska tana ƙarewa, kyaftin yana kwance a ƙasan ɗakin tuƙi. Muryar bango ta daina kiransa Kyaftin, ta kira shi da sunan da babu mai kiransa da shi sai mutum ɗaya, ta fara rera masa waƙar reno. Mai Tabarau ya ji kamar ya koma falon maƙwabta. Bai kalli talabijin ba, fuskar 'yarsa yake kallo.

Yarinyar ta gutsiri biskit.

"Kai, sai yanzu ya gane?" ta ce. "Gaskiya kyaftin ɗin nan ba shi da kai. Mu tun makon farko muka san uwarsa ce."

"Kin san me?"

"Ba ita ce aka jona wa wayoyi ba? Wurin da ka tsayar ka nuna mini kawun mai kare."

Waƙar tana ci gaba, kyaftin yana kuka, Mai Tabarau yana zaune a kan rimot. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya duba kamfanin katun, ya duba Mai Kemis, ya duba uwar yarinyar, duk bai samu ba. Baƙin ciki ya cika shi, irin na wanda ya yi ɓarna da hannunsa kuma da ƙwazo.

Yarinyar ta juyo ta ga idonsa ya yi ja. Ta ajiye biskit ɗin.

"Baba, lafiya? Wurin ya yi kyau fa. Da ban sani ba, ina jin da ya taɓa ni sosai."

Don ta lallashe shi ta faɗa, kuma shi ne ya fi yi masa ciwo. Ya buɗe baki zai fara labarin falon maƙwabta, amma labarin ya ƙi fitowa a kan biskit da lemo, ga wadda ba ta ji komai ba. Yana cikin neman ta inda zai kama, uwar ta danna hon ɗin mota a ƙasa.

Ya rako ta da jakarta har bakin mota. Bayan motar cike yake da kwalaye, uwar tana duba madubi. Yarinyar ta shiga ta sauke gilashi, ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, akwai ci gaban shirin, ko? Wanda kyaftin ya tsufa?"

"Akwai. Zango huɗu, da fim ɗaya a tsakiya wanda..."

"Zan kalla a can. Ni kaɗai. Duk kashin da na gama zan kira ka in ba ka labari, kamar ba ka taɓa gani ba. Amma kada ka gaya mini komai. Ko kalma ɗaya, Baba. Ka yarda?"

Ya gane abin da ake miƙo masa, wannan karon ya gane sarai. Kira ne duk mako, da magana a cikinsa, abin da ya yi wata da watanni yana nema. Ya gyaɗa kai, ya dafe bakinsa da hannu har ta yi murmushi. Uwar ta tada mota.

Motar ta fara gangarawa. Mai Tabarau ya bi ta taku biyu, ya sunkuya wajen tagar.

"Sai dai ki sa ido a kan wani matuƙi mai hannun ƙarfe, don ba mugu ba ne kamar yadda za ki zata, shi ne..."

Murmushin ya bar fuskarta. Ta kalli gaba, ta danna maɓalli, gilashin ya hau a hankali har ya rufe. Motar ta sha kwana wajen kemis.

"...uban kyaftin," ya ƙarasa, a tsakiyar titi, babu mai ji.