Gero Ga Tsuntsun Ya'u

A kasuwar Agege, in ana maganar tsuntsu, to Sadisu ake nufi. Tun da sojoji suka koma bariki, sababbin 'yan siyasa wurinsa suke aiko direbobi neman aku da kanari. Sai ga Ya'u, maƙwabcin rumfarsa, mutumin da da ƙyar yake bambance kurciya da hasbiya, ya bi motar katako zuwa dajin Ondo ya dawo da wani abu a keji.

Kai, tsuntsun nan ya haɗu! Baya kore shar yana ƙyalli, ciki ja zur. Ba ya tsalle-tsalle, sai ya juya wa mutane baya ya yi tsit. Jama'a suka yi dafifi, har 'yan okada suna faka babura. Sadisu na zaune shi kaɗai yana cizon leɓe. Hassada ce tsagwaronta, ba ta da wani suna.

Kuma ya san tsuntsun sarai. Ya taɓa aikin yankan katako a dajin, ya ga yadda yake yin sheƙa a kogon bishiya, yadda yake fakon tsutsar ganye ko fara ya sure. Hatsi ba ya shiga bakinsa.

Ya'u ya zo ya tsuguna. "Yaya, ya ƙi cin komai. Me zan ba shi?"

"Gero mana," in ji Sadisu. "Jiƙa masa. Zai saba."

Bawan Allah ya yi ta jiƙa gero. Ba a jima ba, wata safiya aka tarar da tsuntsun a ƙasan keji. Da Ya'u ya ɗaga shi, gashin ya riƙa zubewa a tafinsa, don fatar irinsu ba ta da ƙwari.

Wani tsohon maharbi Bayarabe ya leƙa kwanon. "Gero? Haba! Tsutsa yake ci. Wa ya koya maka wannan?"

"Yaya Sadisu ne," in ji Ya'u, zuciyarsa ɗaya.

Idon kasuwa ya dawo kan Sadisu. In ya ce ya sani, ya zama mugu. In ya ce bai sani ba, sunansa ya tafi.

"Ban taɓa ganin irinsa ba," ya ce.

Wani ya sheƙe da dariya. Ya'u ya taso ya dafa kafaɗarsa, idonsa ya yi ja.

"Kada ka damu, Yaya. Ai ka yi iya saninka."