Kunnen Mai Gada

Gadar katakon da ke bakin dam ba ta haye ko'ina. Taku arba'in ta yi cikin ruwa ta tsaya, don kwale-kwale su sami wurin ɗaurewa, masu nonon da ke zuwa daga rugagen ƙetare kuma su sauka ba tare da sun jiƙa zane ba. Shekara talatin da ɗaya Maliki yana kula da ita. Daga Tudun Wada yake tasowa da tsintsiya da burushin waya, ya kankare gansakuka, ya janye kainuwar da ta taru a ginshiƙai, ya sauya igiyar da ta fara cinyewa. Matarsa takan ce da gadar nan ta iya tuƙa tuwo, da tuni ya tare a can.

Babban aikin kuwa na ƙarshen rani ne, lokacin da ruwa ya ja baya. Kafin a shafa baƙin mai, sai ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guduma. Mai lafiya yakan amsa ƙwal. Wanda ruwa ya cinye cikinsa kuwa a shaƙe yake amsawa, ko da samansa na sheƙi. Ido ba ya ganin wannan cutar, sai kunne.

A wurin Kolo ya koya, kafintan da suka kafa gadar tare tun suna da baƙin gashi. A wancan zamanin ranar ƙwanƙwasa biki ce. Masunta su gasa kifi, matan ruga su kawo fura, Kolo ya ɗauko waƙoƙin cocinsu da murya kamar tsohon injin niƙa, Maliki yana ce masa ya yi a hankali kada ya kori kifin mutane. Daga baya gwiwoyi suka zaunar da Kolo a gida, biki ya watse, Maliki ya ci gaba shi kaɗai. Yana kewar kwanakin nan, ba ya ɓoyewa.

Bana ya ƙwanƙwasa duka, ya ce lafiya lau, ya shafa mai. Kwana tara bayan haka Dije mai nono ta sauko daga kwale-kwale da ƙwarya a ka, katako ya burma da ƙafarta har gwiwa. Ƙwarya ta fashe, ruwa ya yi fari. Ƙaurinta ya kuje, amma ƙashi ya tsira.

"Ba komai, Baba Maliki," in ji ta. "Ni ce na taka da ƙarfi."

Ndagi, shugaban masunta, shi ma ya rufa masa asiri, ya ce katakon yanzu ba shi da ƙwari. Maliki ya dubi inda ya burma. Shi ya kafa katakon nan da hannunsa, ya san ba na yanzu ba ne. Da mutane suka watse ya ɗauki ɓallen ya duba, cikinsa ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ya buga masa guduma, ya buga wa na kusa da shi. Bai ji bambanci ba.

A nan ya tuna rediyonsa da ya sauya wa batir sau uku yana zagin masu sayarwa, da limamin unguwa da yake zargin ya rage murya. Tsoro ya kama shi, don ya gane abin da ke shirin raba shi da gadarsa.

Washegari ya tafi unguwar Sauka Kahuta ya ɗauko Kolo a keke napep, ya zaunar da shi a kan benci a bakin ruwa.

"Kai ka kawo ni kallon kifi ne?" in ji Kolo da gurguwar Hausarsa.

"Saurare kawai. In ka ji wanda ya mutu, ɗaga hannu."

Ya durƙusa ya fara bugawa. A na huɗu hannun Kolo ya tashi. Maliki ya sake bugawa, ya kasa kunne har gemunsa na taɓa katakon, bai ji komai ba sai bugu irin na sauran. Ya ciro gawayi ya ja layi. Ya ci gaba. Kafin ya kai tsakiya layi biyar ya ja, duka a kan katakon da ya shafa wa mai da hannunsa, wanda mata masu goyo suke takawa kullum.

Ndagi ya iso ya tsaya yana kallo. Maliki ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya je gabansa.

"Ba katako ba ne, Ndagi. Kunnena ne ya tafi. Ka nemo wanda zai riƙe gadar."

"Haba Baba, wa ya san wannan aikin bayanka?"

"Babu. Shi ya sa za ka nemo shi yau, ba gobe ba. Ya zo ya zauna kusa da wannan tsohon tun yana nan."

Kolo ya yi tsaki. "Tsoho ya ce tsoho. Kunne nawa bai mutu ba tukuna. Koma ka buga, rana yana tafiya."

Maliki ya koma. Saura katako goma sha tara, ya bi su a hankali, bai tsallake ko ɗaya ba. Na ƙarshe shi ne wanda yakan zauna a kai ya wanke ƙafa in ya gama aiki. Ya ɗaga guduma ya buga, ya karkata kai yadda ya saba yi shekara talatin da ɗaya. Sannan ya juya ya dubi hannun Kolo.