Wasiƙar Kawu

Shekara tara Manaja tana riƙe da shagon kayan famfo na kawunta. Ita ta san kwalin da gwiwar bututu take ciki, ita direbobi ke nema idan mota ta iso da kaya. Ta daɗe tana son yin karatun kasuwanci, amma jarrabawar shiga ta kayar da ita har sau biyu. Sai ga wata makaranta ta sanar cewa ba sai da jarrabawar ba. Abin da suke so shi ne shekarun aiki, da ganawa ido da ido, da wasiƙar shaida daga uban gidanka, wadda zai aika musu kai tsaye ba tare da ka gani ba.

Kwana uku ta yi tana juya yadda za ta tunkare shi. Kawu mutum ne da ko hutun yini ɗaya ta nema sai ciwon kansa ya tashi. Amma da ta faɗa masa, ko ɗago kai bai yi daga jaridarsa ba.

"Wasiƙa kawai? An gama."

Ta fito tana mamaki. Da faɗa ya yi ma da hankalinta ya fi kwanciya.

Washegari ya kira sakatariya ofis, ya ture bokitin fentin da ke tokare da ƙofar, ya rufe. Tun da Manaja ta fara aiki a wurin ba ta taɓa ganin ƙofar nan a rufe ba. Ta tsaya kusa, wai tana gyara jerin kawunan shawa. Ba ta jin komai sai ƙarar buga rubutu, can kuma ta ji dariyar Kawu.

Da rana ta ritsa sakatariyar a sito.

"Me ya sa kika buga?"

"Anti, ki rufa mini asiri. Cewa ya yi in na buɗe baki in nemi wani aikin."

"To shafi nawa ne?"

Sakatariya ta waiga, ta ɗaga yatsu huɗu.

A gida maigidanta ya ce ta cika zargi. Ta ajiye cokali.

"Kai ba ka san shi ba. Mutumin da yabonsa bai wuce 'ba laifi' ba, me zai rubuta har shafi huɗu? Yau fa har 'yar albarka ya kira ni."

"To ba ke ce ba?"

"Ni ce, amma ba a bakinsa ba."

Ranar ganawa aka shigar da ita wani ƙaramin ɗaki. Wata malama mai tabarau na zaune da fayil a gabanta. Suka gaisa, malamar ta buɗe fayil.

"Kawunki ya ce ke mai taurin kai ce."

Manaja ta sunkuyar da kai. Ta ce a ranta, dama na sani.

"Ya ce kin taɓa mayar da mota guda ta bututu, alhali shi da kansa ya yi odar, ya yi mako bai kula ki ba. Me ya faru?"

"Na ƙwanƙwasa ɗaya ne, Malama, na ji sautin bai yi mini ba. Robar ba ta da kauri."

"Sai me?"

"Sai shagon da ke kallonmu suka karɓa. Kafin wata uku masu gidaje sun cika musu ƙofa da ƙorafi."

Malama ta cire tabarau, ta gyara zama. Suka kwashe kusan awa guda suna maganar yadda ake gane kaya da yadda ake ce wa babba a'a. Da za ta tashi, Manaja ta kasa haƙuri.

"Sauran shafukan fa?"

"Wannan tsakaninmu da shi ne."

Bayan mako uku saƙon ɗauka ya zo. Ta kai wa Kawu wayar, ta zuba masa ido ko za ta ga wani abu a fuskarsa. Ya karanta a hankali, ya miƙo mata.

"Ba laifi. To ranar Alhamis da kike aji, wa zai karɓi mota?"

"Zan koya wa sakatariya."

Ya ja tsaki, ya leƙa ƙofa. "Sai ki fara yau. Waccan ko tiyo ba ta iya naɗewa ba."