Kujerar Mai Kallon Baya

Ranar Laraba da hantsi, Elwood Truitt yana tsugune a gidan kajinsa, yana gyaran bututun ruwan da babu abin da ya same shi, sai ya ji tsayuwar mota a ƙofar gona. Bai ɗago ba. Tun jiya da aka faɗi sakamakon zaɓe ya san wani zai zo, amma bai zaci ita da kanta za ta tako ba.

Corinne Lecates ce, wadda ta kayar da shi. Shekara talatin da 'yan kai yana wakiltar yankinmu a majalisar jiha can Dover, babban birnin jihar Delaware ta Amurka, sai ga yarinyar da ya sha saya wa alewa ta raba shi da kujerarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa da takalmin ofis, ko hanci ba ta toshe ba, don ita ma cikin warin kaji ta girma.

"Baba Elwood, sannu da aiki."

"Yauwa, ranki ya daɗe. Har an fara zagayen talakawa tun ba a rantsar da ke ba?"

"Na zo in ji ƙarfe nawa za ka iso Georgetown gobe. Jan keken dokin nan aka ba mu, ni da kai."

"Gwiwata ta tashi."

"Wacce? Wadda ka tsuguna a kanta?"

Ya miƙe yana nishi, ya nufi buhunan dusa, sai dai ya manta ya ɗingisa.

Mu nan kudancin Delaware, Alhamis ɗin da ke bin zaɓe ba ranar aiki ba ce. Kowa ya nufi Georgetown. Mai shela ya hau benen kotu ya karanta sakamakon da kowa ya riga ya sani, a gasa sa a raba kyauta, shugabannin jam'iyyu su binne gatari cikin yashi, alamar faɗa ya ƙare. Amma abin da ke tara jama'a shi ne keken doki. Wanda ya ci da wanda ya faɗi a keke ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, mai nasara na fuskantar gaba, ɗayan ya ba hanya baya. Elwood ya hau keken nan har ya san ƙarar kowace ƙafarsa, amma bai taɓa zama a kujerar da ke kallon baya ba. Ba faɗuwar ce ke cin ransa ba. Tsoronsa a zagaya da shi gari kaf, kamar kayan gwanjo, a rasa mutum ɗaya da zai ɗaga masa hannu.

"Babana ya zauna a kujerar nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yana kallon fuskarka," in ji Corinne. "Kuma bai mutu ba."

"Ai Norris ya saba. Mutumin da ya mai da faɗuwa zaɓe sana'a."

"To, ya ce in gaya maka, in ba ka zo ba, zai sa a turo shi a kekensa na guragu har nan, ya kira ka matsoraci a gaban kajinka."

Dariya ta kuɓuce wa Elwood bai shirya ba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Norris bai leƙa shi ba sai sau ɗaya, kuma abin yana damunsa.

Bayan ta tafi ya zauna kan buhu. Kai, an yi zamani! Lokacin ana zagin juna a dandali da safe, da yamma a tafi kamun kifi a jirgi ɗaya. Norris mai kantin kayan gona yakan shigo keken da naman sa a takarda, yana ci yana ɗiga wa Elwood maiƙo a wando, yana cewa, "Ka ci zaɓe, ni na ci nama, a bar wa Allah sanin wanda ya more." Kuma duk sanda suka wuce kwanar shagon aski sai fuskarsa ta washe, ya yi ta murmushi shi kaɗai. Elwood yakan ce a ransa, wannan mutum ba shi da zuciya.

A kwanar nan Lorene, matar Elwood, take tsayawa, hannuwanta cikin aljihun koriyar kwat ɗinta. Faɗan da bai taɓa ƙarewa tsakaninsu ba ke nan har ta koma ga Allah bara waccan. Ya dawo gida yana huci: "Gari duk yana ɗaga mini hannu ban da matata!" Ita kuwa ta ɗora ruwan shayi, ta ce, "Akwai sanyi, Elwood." Iyakar amsarta ke nan.

Ranar Alhamis ya zo, da tsohuwar hularsa mai faɗin baki. Babu wanda ya yi masa maganar gwiwa. Ya sa ƙafa ya hau keken, saura kaɗan ya zauna inda ya saba, Corinne ta yi gyaran murya. Ya juya ya zauna bayansa na jingine da kujerar direba, dawakai suka ja.

Abin da ya gani bai taɓa ganinsa ba. Daga gaba yana jin ihu, "Corinne! Corinne!" amma shi ba ya ganin masu ihun sai an wuce su. A daidai lokacin nan kuwa hannuwa ke sauka. Murmushi ya ɓace, wannan ya koma kan namansa, waccan ta duba waya, sauran sun riga sun juya suna jiran keken da ke tafe. Ga mutumin da ya nema wa ɗansa aiki, ga matar da ya yi shekara uku yana faɗa a Dover kafin a kai kwalta ƙofar gidanta. Ƙeyarsu kawai ya samu.

"Ashe haka ake yi a bayana duk shekarun nan," ya ce.

"Na'am, Baba?"

"Ba komai. Ɗaga hannunki, ana kallonki."

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, yana fatan a gama. Suna dosar kwanar shagon aski Corinne ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ga tsohon abokinka can. Dube shi, 'yarsa ta ci zaɓe, ko yatsa bai motsa ba."

Keken ya wuce, sai ga Norris ya bayyana a gaban Elwood, cikin keken guragu, an lulluɓe shi da bargo har ƙirji, a daidai inda koriyar kwat take tsayawa. Jama'ar da ke kewaye da shi duk sun juya. Shi kuwa sai ya shiga kokawa da bargon, ya zaro hannun nan ɗaya da ya rage masa, ya ɗaga shi sama.

"Ya ɗaga, ko?" in ji Corinne, ba tare da ta waiwaya ba. "Wurin Inna Lorene ya koya. Ba ta fito da hannunta daga aljihu sai keken ya wuce. Ta ce wanda ya ci, hannuwa sun yi masa yawa."

Elwood ya dube ta.

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ta ce wa babana za ka gani da idonka in ranarka ta zo. Ba ta zaci za ka daɗe haka ba."

Ya cire hularsa ya ɗaga. Norris na ƙara nisa, yana ƙanƙancewa cikin taro, amma hannun bai sauka ba, hular ma ba ta sauka ba, har dawakai suka sha kwana katangar kotu ta shiga tsakaninsu. Sannan ya mai da hular, ya ja ta har kan gira, ya goge fuska da bayan hannu.

"Lafiya, Baba Elwood?"

"Akwai sanyi," in ji shi.