Gaba Biyu da Kamu

Sabo turken wawa, haka magabata suka ce, amma ba su ce wawa kaɗai yake ɗaurewa ba. Yana ɗaure mai hankali ma, kuma igiyarsa ta fi shaƙe wuyan gwani.

Akwai wani tsoho da ake kira Mai Fatsa. Sunansa na ainihi ya ɓace a bakin mutane tun gemunsa yana baƙi. Ba ya jefa birgi, ba ya jan taru. Sanda ɗaya, zare ɗaya, ƙugiya ɗaya, sai ɗan guntun dalma da totuwar kara wadda ke yawo a saman ruwa tana ba shi labarin abin da ke ƙasa. Mazauninsa gindin wani ɓaure ne, daidai inda kogi ya yi gwiwa. Da tarwaɗar wurin ya riƙe gidansa, da ita ya yi jinyar matarsa har ta koma ga Mahaliccinta.

To, a shekarar da nake ba ku labari, damina ta zo da ambaliya irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Ruwa ya janye, kogi ya koma kamanninsa, tsoho ya koma gindin ɓaurensa. Sai dai kifi ya ƙi. Zai kai hantsi yana zaune, ƙananan kifaye su yi ta tsattsagar tanarsa suna rawa da totuwa, ya ɗago ya ga ƙugiya tsirara. Ya sauya tana da gara, ya sauya gara da fara, ya wasa ƙugiya har tana kama farce. Shiru kake ji.

Ana cikin haka autarsa ta zo dubansa. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a babban gari. Shi kuwa Uwata yake ce mata. Ta shiga ɗakin, ta dubi gadon ƙarfe, ta dubi gwangwanin madarar da yake tara ƙugiyoyi, sannan ta buɗe tukunya. Ba kome ciki sai gizo-gizo ya soma saƙa. A kan taga akwai ragowar burodi da ya bushe kamar dutse.

Ta ce, "Baba, wannan kake ci?"

"Haƙorana sun fi naki ƙarfi."

"Nawa suka rage?"

"Waɗanda suka rage jarumai ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Baba, kogin nan ya sallame ka, kai ne ba ka ji ba. Na gyara maka ɗaki. Ga fanka, ga bayi a ciki, jikokinka su yi ta hawa kanka. Kullum ina wurin aiki zuciyata na bakin ruwa."

Ya san ɗakin. Ya taɓa kwana ciki. A bene yake, tagarsa na kallon bangon wani benen, kuma ruwan da ke wurin duk a cikin famfo yake. Zuciya ta ɗebe shi, ya ce, "To, ki ji. Ki dawo ƙarshen wata. In kika tarar ban fito da kifin da ya isa a ɗora wa tukunya ba, na naɗe zarena na bi ki. In kuwa na fito da shi, ki bar ni da kogina."

"Ka faɗa, Baba."

"Na faɗa. Magana zarar bunu ce."

Baki shi ke yanka wuya. Tana fita ya san ya ɗaure kansa, don shi mutum ne da ba ya lashe abin da ya tofar.

A kwanakin nan ne Allah ya haɗa shi da wata jarrabawa mai ƙafa biyu. Wani direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya, aka ce masa zaman bakin ruwa na kwantar da jini. Ya zo da farar riga fes, da rediyo a rataye, yana taka ƙasa dim-dim kamar yana duba taya. Ya yi sallama ya zauna ɗan nesa kaɗan da ɓauren.

Tsoho ya daure ya daure, ya kasa. Ya ce, "Kai, Direba. Kashe akwatin nan."

"Labarai nake ji, Baba."

"Kifi ma yana ji. Kuma ka daina dukan ƙasa, da jikinsa yake jin tafiyarka tun kana nesa. Wannan farar rigar kuwa, wa ka zo aure? Ka tsaya tsaye inuwarka ta faɗa ruwa, ka yi musu shela ka zo."

"Ikon Allah! Ashe kifin nan ya fi ɗan sandan hanya sa ido."

"Dusar nan da kake watsawa da yawa, ƙosar da su kake yi. A cuɗa ta da laka, a dunƙula kamar ƙwai, a jefa kaɗan-kaɗan. Ƙamshi ake so ya kira su, ba walima ba."

Direba ya karɓi faɗa da fara'a, ya kashe rediyo, ya zauna. Ba a jima ba sandarsa ta lanƙwashe. Ya fizgo da ihu kamar an ce gobara, sai ga tarwaɗa mai kaurin damtse tana birgima a ciyawa.

"Baba! Baba, ya ake kama shegiyar?"

"Jiƙa hannunka. Kama ta bayan kai, ka kiyayi ƙayar gefe, in ta soke ka sai ka kira sunan kakarka."

Tsoho ya faɗi haka da murya daidai. Ya ce a ransa sa'ar sabon shiga ce. Washegari Direba ya kama biyu. Rana ta uku ya kama wata. Tana ɗaya suke haƙa a juji ɗaya, ruwa ɗaya, tsakaninsu bai fi jifan ɗan yaro ba. Direba ya miƙo masa guda, ya ce a kai gida. Tsoho ya kau da kai.

"Ban zo bara ba."

Ya san da ya karɓa ya ajiye wa autarsa, ba za ta taɓa ganewa ba. Amma shi zai gane, kuma da wannan sanin zai riƙa kwana.

Abin da ya fi cinsa shi ne tambaya. Kalma ɗaya ce: yaya kake yi? Matambayi ba ya ɓata, kowa ya sani. To amma mutumin da ya koya wa rabin masu fatsar kogin nan ɗaurin ƙugiya, ya buɗe baki ya tambayi wanda jiya-jiya bai san kan tana da wutsiyarta ba? Girman kai rawanin tsiya ne, sai dai mai shi ba ya jin nauyinsa sai wuya ya sage. Ya fara gaya wa kansa cewa yarinyar nan ta yi gaskiya, hannunsa ne ya mutu. Har ya ciro tsohuwar jakarsa daga ƙarƙashin gado ya kakkaɓe.

Ranar da autar za ta zo, ya fita da sassafe, ba don yana sa rai ba, sai don ya yi wa wurin kallon ƙarshe. Ya tarar Direba ya riga shi, har ya matso gindin ɓauren.

"Baba, yau kusa da kai zan zauna, ko albarka ta shafe ni."

"Albarkar da ta ƙare? Zauna."

Tsoho bai taɓa kallon yadda mutumin ke shiri ba, don ya ɗauka babu abin gani. Yau da yake gab da shi, sai ya ga ya ciro wani noti mai nauyi daga aljihu, ya rataya a ƙugiya, babu tana babu kome, ya saka a ruwa. Totuwa ta nutse ɗungum. Ya ɗago, ya tura totuwar sama a jikin zare, ya sake sakawa. Ta sake nutsewa.

"Wane irin kifi ne ke cin ƙarfe?" in ji tsoho.

"Awo nake yi, Baba. Ni ban san ruwa ba. Ka ga a mota, ko jiya na zuba baƙin mai, ba na tayar da inji sai na zaro sandar awo na duba da idona. Shi ne na ce wannan ma haka. In notin ya taɓa ƙasa, kan totuwa ya leƙo, to na san tanata za ta kwanta inda masu gemun nan ke kiwo."

"Ba sai ka wahala ba. Zurfin wurin nan, gaba biyu ne da kamu."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Tun ba a haife ka ba... to, tun kana kwandasta."

Direba bai yi musu ba. Ya ci gaba da tura totuwa yana sakawa, har kanta ya leƙo ya tsaya. Ya jawo zaren, ya miƙa wa tsoho. "Auna da hannunka, Baba. Ni nawa gajere ne."

Tsoho ya buɗe hannuwa ya auna daga noti. Gaba ɗaya. Gaba biyu. Ya kai inda ya saba tsayawa, zare bai ƙare ba. Gaba uku. Har da saura.

Ya ƙura wa zaren ido, ruwa na ɗiga a yatsunsa. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ambaliya ta kwashe ƙasan gwiwar kogin ta tafi da shi, ta bar saman yadda yake. Tarwaɗa kuwa a ƙasa take kiwo. Duk watannin nan tanarsa na reto a tsakiyar ruwa, sama da kan kifin da tsayin mutum, 'yan ƙanana na wasa da ita. Da wurin cikewa ya yi, da totuwa ta kwanta ta tona asiri. Da yake zurfi ya ƙara, sai ta tsaya ƙyam kamar kullum, tana yi masa ƙarya da fuskar gaskiya. Shi da kansa ya sha koya wa mutane awon nan da dunƙulen laka. Ya bar yi ne tun ranar da ya ga ya haddace wurin.

Ya ce, "Ba ni aron ƙarfen nan."

Ya auna nasa, ya tura totuwa sama. Sannan wani abu ya ɗarsu a ransa, ya saka notin dab da gaɓa, daidai ƙarƙashin ƙafafunsa, inda da can ruwa bai wuce gwiwa ba. Zare ya yi ta tafiya. Ya karkata sanda, ya ji notin ya shige ciki, ƙarƙashin inda suke zaune. Ruwa ya rarake gaɓar. Saiwoyin ɓaure kaɗai ke riƙe da ƙasar da ya yi watanni yana zama a kai shi kaɗai, ba mai jin kiransa.

Ya tashi a hankali. "Direba, ɗauki kayanka. Kada ka taka da ƙarfi. Mu koma can kan dutse."

"Lafiya?"

"A kan rufin kabari muke zaune."

Daga kan dutsen ya soka tana mai rai, ya bar wutsiyarta tana motsi, ya jefa. Ba a daɗe ba totuwa ta yi ɗan rawa. Direba ya zabura.

"Ja, Baba! Ja!"

"Rufe baki. Ɗanɗanawa take yi."

Totuwa ta nutse, ta soma tafiya gefe kamar an kira ta. Sai a nan ya ɗaga sanda, ba fizga ba, ɗagawa. Gora ta lanƙwashe. Hannun da ya ce ya mutu ya farka. Kifi ya nemi saiwa, tsoho ya karkato shi. Ya ja, ya sassauta masa. Ya huta, ya matsa masa. Sai da tarwaɗar ta gaji don kanta ta juyo farin ciki sama, Direba ya shiga ruwa har cinya da farar rigarsa ya rungumo ta.

Da ya isa gida rana ta take. Mota na ƙofa, autarsa na tsaye a tsakar gida, ta riga ta ninke masa barguna. Ta ga kifin, kansa a hannun tsoho, wutsiya na share ƙasa. Fuskarta ta faɗi, amma 'yar halak ce.

"Kai ka ci, Baba. Magana ɗaya ce." Ta juya ta soma warware bargo, tana goge ido da gefen mayafi.

Ya ajiye kifin a cikin daro. Yana iya yin shiru, nasara tasa ce. Ya daɗe yana wanke hannu.

"Uwata."

"Na'am."

"Tsoron da kike ji, ba banza ba ne." Ya gaya mata abin da notin ya nuna, bai rage kome ba. Ta dafe ƙirji ta zauna a kan turmi.

"Kuma ka ce in bar ka?"

"Na ce ki bar ni da kogina, ban ce ki bar ni da wautata ba. Gindin ɓaure na bar shi. Ba zan ƙara fita ni kaɗai ba, akwai wani mai surutu da Allah ya jarrabce ni da shi, tare za mu riƙa zuwa. In ruwan sama ya sauka, gaɓa ta yi santsi, ki zo ki ɗauke ni. In zauna a benenki har kogi ya kwanta."

"Damina duka?"

"Duka."

"Ba za ka ce fanka na sa maka mura ba?"

"Zan ce. Ki yi haƙuri da ni."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ɗaura zani, ta jawo daron gabanta, ta ce, "Ina wuƙa?"

"Tana bayan ƙofa. A yanka kashi uku. Na tsakiya, mai tsoka, a kai gidan Direba."